Ku Tambaya Mu Amsa: WrestleMania, gaske ne ko shiri?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗinki nake yi a Kumo. Kullum a shagonmu gardama ake tafkawa a kan resilin, musamman babban wasan nan na shekara-shekara da ake kira WrestleMania. Yaushe aka fara shi, wa ya kafa shi? Sannan maigidana ya ce duk ƙarya ce, ni kuma da idona na ga jini. Ka raba mana gardama.

AMSA: Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa, ka taɓo mini inda yake yi mini ƙaiƙayi, don haka ka yi haƙuri idan amsar ta yi tsawo.

An yi na farko ranar 31 ga Maris, 1985, a zauren Madison Square Garden da ke birnin Niyok na Amurka. Wanda ya kafa shi Vince McMahon ne, wanda ya sayi kamfanin resilin ɗin daga hannun mahaifinsa a 1982. A lokacin sunan kamfanin WWF. Sai a 2002 ya koma WWE, bayan ya sha kaye a shari'a da wata ƙungiyar kare namun daji mai amfani da haruffan nan uku. Kafin zuwan McMahon ƙarami, resilin a Amurka yanki-yanki yake, kowane mai shirya wasa da iyakarsa, kamar yadda kowane gari yake da nasa gidan damben. Shi ne ya ce zai haɗiye ƙasar baki ɗaya, kuma WrestleMania ce kasadar da ya yi don cimma hakan. Ya zuba kuɗi masu yawa, ya gayyato mutanen da ba 'yan kokawa ba don su jawo masu kallo. A wasan ƙarshe na daren, Hulk Hogan ya haɗa kai da ɗan fim Mr. T suka kara da Roddy Piper da Paul Orndorff, ga kuma Muhammad Ali a bakin dandamali a matsayin alƙali na musamman. Mutum 19,121 suka shiga zauren. Sauran, kusan miliyan ɗaya, sun biya kuɗi ne suka shiga manyan ɗakuna a garuruwansu aka haska musu a majigi kai tsaye. Wato dai gidan kallo, irin namu, sai dai nasu ya fi girma. Daga baya aka koma tsarin biya-ka-kalla: mutum yana zaune a ɗakinsa, ya biya kuɗin wannan dare ɗaya, a buɗe masa tashar.

Yanzu ga batun gardamarku. Bari in ba ka labarin yadda aka raba mini tawa.

Ina yaro a Jekadafari, nan cikin Gombe, akwai wani gida da ake saka bidiyo a zaure da daddare. A nan na fara ganin WrestleMania ta uku, wadda aka yi ranar 29 ga Maris, 1987, a Pontiac Silverdome da ke jihar Michigan. Kafin kaset ɗin ya iso gare mu ya yi shekaru yana yawo, an kwafa an sake kwafa har fuskokin mutane sun dusashe, hoton yana rawa sai mai gidan ya riƙa murɗa wani ɗan maɓalli. Amma ko a haka, ganin André the Giant sai da ya tsayar mana da numfashi. Mutumin Faransa ne, an ce nauyinsa ya haura kilo 230, Hogan da kansa ya koma kamar ƙaninsa a gabansa. Da Hogan ya cicciɓe shi ya maka da ƙasa, zauren nan ya kaure, wani yaro har ya taka mini yatsu. Na koma gida ban iya barci ba.

Bayan kwana biyu baffana ya zo daga Dukku. A samartakarsa ɗan kokawa ne, irin waɗanda ake zuwa ɗauka daga ƙauye zuwa ƙauye bayan kaka. Na dame shi da labari har ya ce mu je ya gani. Ya zauna a kan benci ya naɗe ƙafar wandonsa, bai ce uffan ba har aka zo wurin. Sai ya ce wa mai bidiyon, “Ɗan mayar mini da shi baya.” Aka mayar. Ya nuna allon da yatsa ya ce da ni, “Kai, dubi hannun babban. Ba ƙwacewa yake yi ba, dafa shi yake yi. Mutumin da ba ya so a ɗaga shi, zama yake yi a ƙugunsa, ya saki nauyinsa ƙasa. Wannan da kansa ya hau.” Raina ya ɓaci, na ce to ashe ƙarya ce. Ya ce, “Wa ya ce maka? Faɗuwar fa? Ko da yardarka aka maka ka, ƙasa ba ta san kun shirya ba.”

Shekara talatin da wani abu ke nan, ban ji wanda ya faɗe ta fiye da haka ba. Maigidanka yana da gaskiya: tun kafin a fito an san wanda zai ci, akwai marubuta da ke tsara rigimar wata da watanni, alƙalin wasan ma yana cikin shirin, shi ke raɗa musu cewa lokaci ya kusa. Kamfanin da bakinsa ya amsa haka a 1989 a gaban 'yan majalisar jihar New Jersey, ya ce abin da yake yi nishaɗi ne ba gasa ba, don a daina yi masa dokokin da ake yi wa dambe. Kai ma kana da gaskiya: jinin da ka gani jini ne. A WrestleMania ta 2003 Brock Lesnar ya yi tsalle daga saman igiya zai juya a iska, ya gaza, ya sauka a kansa, ƙwaƙwalwarsa ta bugu, a haka ya ƙarasa wasan. Steve Austin ya samu mummunan rauni a wuya a 1997, abin da ya gajarta masa sana'a. Owen Hart kuwa a Mayun 1999, a wani wasan kamfanin na daban, ya faɗo daga rufin zaure ana sauko da shi da igiya, ya mutu. André da na ba ka labari, a daren nan na 1987 bayansa ya riga ya lalace, da ƙyar yake tafiya. Ya rasu a 1993.

Don haka kada ka auna shi da ma'aunin dambenmu, inda ɗan Kudu da ɗan Arewa kowa ya naɗe hannu yana neman kisa na gaske, ba wanda ya san yadda turmin zai ƙare. Resilin wasan kwaikwayo ne da ake yi da jiki. Idan ka kalle shi a haka, ba wanda ya cuce ka, kuma za ka fara ganin gwanintar: yadda mutum biyu za su yi minti ashirin suna jefa juna, kowa yana tsare ran ɗan'uwansa, mutum dubu saba'in kuma suna jin kamar a gabansu za a yi kisa.

Abu ɗaya da zan ce ku yi taka-tsantsan da shi shi ne alƙaluman masu kallo. Kamfanin ya ce mutum 93,173 suka cika Silverdome a 1987. Masu bin diddigin harkar da yawa sun ce ba su wuce 78,000 ba. Haka a 2016 a Texas aka sanar da 101,763, nan ma an yi ta jayayya. Ko ƙidayar ma wani lokaci tana cikin wasan.

TAMBAYA: Malam, a cikinsu duka wacce ta fi kyau, wacce ta fi muni? Kuma da gaske ne ba a taɓa kayar da Undertaker ba? Daga wani ɗalibi a Yelwa, Bauchi.

AMSA: Ƙanena, idan ka tara masana harkar, mafi yawansu ta 17 za su ce maka, wadda aka yi ranar 1 ga Afrilu, 2001, a Astrodome na birnin Houston, inda Austin da The Rock suka rufe daren. Wadda aka fi kushewa kuwa ta 9 ce, ta 1993 a Las Vegas. Yokozuna ya kayar da Bret Hart ya karɓi kambu, sai ga Hogan da ba shi ne ke wasan ba ya shigo, cikin abin da bai kai minti ɗaya ba ya ƙwace. Mutane suka ji an raina musu hankali. Na yarda da su a kan ta 9.

Amma ni ba da wannan nake auna su ba. Abin da na lura, bayan shekaru ina bin abin nan, shi ne daren da ba a mantawa shi ne wanda 'yan kallo suka ƙwace alƙalamin daga hannun marubuta. A 2002 a Toronto ta Kanada an tsara cewa Hogan ne mugu, The Rock ne na kirki. Jama'a suka ƙi. Mutanen da suka tashi da Hogan tun suna yara suka yi ta yi masa kirari, suna yi wa The Rock ihu, har dole 'yan wasan biyu suka sauya salo a tsakiyar fili. A 2014 kuma kamfanin bai yi niyyar saka Daniel Bryan a babban wasa ba, ɗan ƙaramin mutum mai gemu wanda ake ganin bai yi kama da zakara ba. Wata da watanni jama'a suna ɗaga hannu suna kiran sunansa a kowane zaure, suna ɓata wasan duk wanda aka turo musu, har aka ba da kai. Shi ya tashi da kambu a daren. Roman Reigns kuwa akasin haka: shekara da shekaru ana tura shi gaba a matsayin gwarzo ana yi masa ihu, sai da aka mayar da shi mugu sannan aka karɓe shi, ya riƙe kambu kwana 1,316 kafin Cody Rhodes ya karɓe a Philadelphia a 2024. Tilas ba ta sa a so mutum, ko a Amurka.

Undertaker kuwa an kayar da shi. Ya fara a 1991 da Jimmy Snuka, ya ci sau 21 a jere a WrestleMania ba faɗuwa, har abin ya fi kambun kansa daraja. Sai ranar 6 ga Afrilu, 2014, a New Orleans, Brock Lesnar ya danne shi alƙali ya ƙirga uku.

Mu a Gombe sai bayan kusan mako guda faifan ya iso. Wani ya riga ya gani a Facebook ya faɗa, aka ƙaryata shi. Muka taru a wani gidan kallo a Pantami bayan isha'i, janareta na ƙara a baya, zafin Afrilu ya sa kowa ya cire riga ya rataya a kafaɗa. Da aka buga na ukun, wallahi ba wanda ya yi magana. Mai shayin da ke bakin ƙofa ya tsaya da buta a hannu. Wani dattijo mai gyaran babur da ke zaune kusa da ni, wanda tun zamanin kaset muke haɗuwa da shi, ya ce a hankali, “Alƙalin nan kuskure ya yi.” A allon ma haka fuskokin Turawan suke, baki buɗe, hannu a ka. Duk wanda ke ɗakin nan ya san shiri ne, ba yaro a cikinmu. Amma mutumin nan tun muna 'yan makaranta yake fitowa da baƙar hularsa, mun yi aure mun haifu yana nan bai faɗi ba. A daren nan muka ga ya tashi da ƙyar, gashinsa ya zube, yana ɗingishi, ashe shi ma ya tsufa. Har yau ina ganin bai kamata a karya masa ba. Wasu na cewa dole wata rana a yi, don a ɗaga wani da shi. To Lesnar ai ya riga ya ɗagu, ba ya bukata.

A wannan shekarar ce kuma tsarin biya-ka-kalla ya fara mutuwa. A da Ba'amurke kan biya dala 60 zuwa 70 don dare ɗaya; ta 2007, wadda Donald Trump ya aske wa McMahon kai a cikinta, da ta 2012 ta The Rock da John Cena, kowacce gida kusan miliyan 1.2 ne suka saya. A Fabrairun 2014 kamfanin ya buɗe tasharsa ta intanet a kan dala 9.99 a wata, har da WrestleMania a ciki. Tun daga nan lissafin ya canza, kuɗin yanzu daga manyan kamfanonin haska shirye-shirye da garuruwan da ke neman a kawo musu wasan yake fitowa. Shi ya sa aka sanar cewa ta 2027 a Riyad ta Saudiyya za a yi, karon farko a wajen Amurka da Kanada.

TAMBAYA: Akwai 'yan Afirka a ciki kuwa? Daga wani direba a Tashar Dukku.

AMSA: Akwai, Malam direba. Kofi Kingston a Kumasi ta Gana aka haife shi. Shekara goma sha ɗaya ya yi a kamfanin ana amfani da shi wajen tsalle-tsalle da ban dariya, shi ma jama'a ne suka tsaya masa kai da fata, har a 2019 ya kayar da Daniel Bryan ya zama haifaffen Afirka na farko da ya ɗauki babban kambun WWE. Wannan kai tsaye muka gani, wajen ƙarfe uku na dare, don sa'a biyar ce tsakaninmu da gabashin Amurka a watan Afrilu. Da 'ya'yansa ƙanana suka shigo fili suka ɗaga kambun, na ga manyan mutane suna share ido. Daren ya yi tsawo ƙwarai. Shi ne karon farko da mata suka rufe WrestleMania, Becky Lynch da Ronda Rousey da Charlotte Flair, amma an kira assalatu ba su gama ba, muka tashi muka bar su. Daga 2020, shekarar korona da aka yi wasan a ɗaki ba ɗan kallo ko ɗaya, aka raba shi dare biyu.

Namu na gida akwai Omos, dogon nan haifaffen Legas, wanda ya fara wasa a WrestleMania ta 2021, ya kuma kara da Lesnar a 2023. Akwai Apollo Crews, wanda mahaifinsa ɗan Tibi ne daga Binuwai. Shi ma ya ci kambu a 2021, amma a wani wasa da suka laƙaba wa suna faɗan gangunan Najeriya, aka jibge ganguna a gefen fili. Ban ji daɗinsa ba. A ƙasar da ake da kokawa da dambe da makaɗan maza na gaske, da sun tambaya da an nuna musu abin da ganga take yi a fili. Kuma kafin duk waɗannan, iyayenmu sun san Power Mike, wanda ya yi tashe a shekarun 1970.

TAMBAYA: Malam, ni uwa ce a Azare. Ɗana mai shekara tara ya ɗaga ƙaninsa ya maka a kan katifa, yaron ya zame ya bugi bakin gado, hannu ya karye. A wayar yayansu suke ganin abin nan. In hana su gaba ɗaya? Ga shi kuma har cikin azumi yayan nasu yake fita kallo da tsakar dare.

AMSA: Hajiya, sannu, Allah ya ba yaro lafiya, ya sa kaffara ne. Da fatan an kai shi asibiti an ɗauki hoton hannun; karayar yaro kusa da gwiwar hannu ba abin da za a tsaya ɗauri a gida ba ne.

Hani kaɗai ba na jin zai yi, don wayar ba a gidanki kawai take ba. Abin da na yi da nawa shi ne abin da baffana ya yi mini. Na zaunar da su na tsayar da hoton, na nuna musu yadda wanda ake makawa yake taimakawa, yadda yake dunƙule haɓarsa a ƙirji don kada ƙeya ta bugu, yadda yake shimfiɗa hannuwa ya faɗi da faɗin baya. Na gaya musu mutanen nan shekaru suke yi ana koya musu faɗuwa kawai, kuma dandamalin katako ne a kan ƙarfe da aka shimfiɗa wa soso, yana ɗan lotsawa, ba siminti ba ne kamar tsakar gidanmu. Sannan na ba su labarin Austin da wuyansa. Yaron da ya ɗauka gaske ne, shi ne yake tunanin ƙaninsa ma zai tashi ya karkaɗe jiki kamar yadda ya gani. Idan ya gane aikin haɗin kai ne na ƙwararru, kuma duk da haka suna karyewa, jikinsa yakan yi sanyi. Mai shekara tara dai kada ya kalla shi kaɗai, kuma tsofaffin wasannin wajen 1998 zuwa 2001 ba na yara ba ne sam, akwai batsa da zubar da jini da shigar da ba ta dace ba. Idan ƙarfi ne ke damunsu, ga langa, ga kokawar gargajiya a kan yashi a gaban manya, inda da gwiwa ta taɓa ƙasa an gama.

Batun yayansu kuwa, gaskiyarki. A 2022 da 2023 da 2024 duk cikin Ramadan wasan ya faɗo, ta 2024 ma ranakun 6 da 7 ga Afrilu, cikin goman ƙarshe, daidai lokacin tahajjud. Ni da nake rubuta wannan shafi, mai son abin tun ina yaro, ban kalle ta ba sai bayan Sallah. Na kashe datar wayata, na roƙi abokai kada wanda ya gaya mini, ranar uku ga Sallah na zauna na kalli dare biyun a jere, ba abin da ya ragu a ciki. Ki gaya masa haka, ki ce inji wani da ya girme shi a kallon. Idan ya yi gardama, ki sa mahaifinsa ko kawunsa ya riƙe wayar daga sallar isha'i zuwa sahur har a ga wata.